Takardar da Ban Sa wa Hannu Ba

Ƙarfe huɗu na yamma suka kulle ofishin.
Don Anacleto ya zura makulli a aljihun kwat,
ya ajiye takarda gabana, ya ɗora biro a kai
kamar mai ajiye wa baƙo tuwo.
"Remigia, shekara biyu da rabi ta isa.
Sa hannu, kujera ta koma wa mataimakinki.
Haka aka saba."

Haka aka saba.
Tun ina goye nake jin maganar nan.
Da ita aka cire ni daga aji uku na bi tumaki,
da ita ake zaunar da mu a ƙasa, can bayan taro,
mu kaɗa zaren ulu, mu tafa idan maza sun gama.

Na dubi biron.
Sai da na shekara arba'in da ɗaya na koyi riƙe shi,
da dare, a ɗakin coci mai yoyon iska,
'yata Basilia na riƙe da wuyan hannuna:
R mai ƙafa biyu, C kamar jinjirin wata.
Kafin nan yatsa nake dangwalawa,
a miƙo min tsumma in goge shuɗin,
ban san da me na yarda ba.
Yau da na iya rubuta sunana
za a ce in rubuta shi don in share kaina?

Ƙuri'a ɗari uku da sha bakwai.
Na san hannayen da suka jefa su,
masu kaushi, waɗanda ruwan ƙanƙara ya tsattsaga.
Ba don in ƙawata hoton bango suka aiko ni ba.
Cewa suka yi in tambayi inda kuɗin famfo ya shige,
tun da bututu ya zo gonar shugaban majalisa
ya toge kamar jakin da ya ga rami.
Sau uku na tambaya.
A na biyu albashina ya ɓata a hanya.
A na uku dutse ya sauka kan kwanon ɗakina,
aka tare mijina a kasuwa
ana tambayarsa wa ke ɗaura fatari a gidanmu.

Dare ya yi. Sanyin tudun nan ba ya sallama.
Ta taga na ga tafkin Titikaka ya koma tawada.
Mafitsarata ta cika, gwiwata na kaɗawa,
kuma ba zan ɓoye ba, na ɗauki biron sau ɗaya.

Sai na ji takun takalman taya.
Eulogia mai cuku, Gumercinda ungozoma,
matan Callisaya su biyar, da wasu da ban gane ba,
suka zazzauna a matakala, huluna a ka,
jarirai a baya, ganyen koka a kunci.
Ba ihu, ba kirari.
Eulogia kawai ta ƙwanƙwasa gilashi:
"Mun zo da bargo. Ajiye abin nan."

Mu nan mun san sha'anin dankali.
A baza shi a fili sanyi ya daskarar da shi,
da safe a bi shi da ƙafa a tattake,
rana ta ƙone abin da ya saura.
Wannan baƙin, ƙanƙanin, da ya sha taku,
shi ke shekara goma a rumbu bai ruɓe ba.

Da gari ya waye makulli ya juya.
Don Anacleto bai dube ni ba,
matakala yake kallo, yana ƙirga huluna.

Na naɗe takardar, na cusa a ƙirji.
Bayanta fari ne, ga takarda da tsada.
A gida na juya ta na rubuta, harafi harafi:
Talata, zaman majalisa.
Batu na farko, famfo.